Kafin a ce digirin fiziks ba ya ciyar da gida

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in amsa wata tambaya da iyaye ke yi mini duk lokacin da jami'o'i suka fitar da sunayen waɗanda suka ɗauka. Ni malamin fiziks ne a wata sakandare a ƙasar Argungu. Yaro zai nemi likitanci ko injiniya, maki ya gaza, sai a ba shi fiziks a jami'ar jiha da ke Aliero ko a jami'ar tarayya da ke Kalgo. Uban ya zo har gida ya ce, "Malam, in ya gama, me zai ci?"

Ban taɓa ɗaukar wannan tambaya raini ba. Mutumin da zai riƙa sayar da buhunan shinkafarsa shekara huɗu yana da haƙƙin a gaya masa gaskiya. Shekara huɗun ma sai in ba a yi yajin aiki ba, domin na 2022 kaɗai ya cinye wata takwas. Ga rajista, ga haya, ga abinci, ga kwamfuta. Sa'an yaron da ya zauna shagon ubangida a kasuwar Jega kuwa, kafin nan an sallame shi da jarinsa. In bashin karatu na asusun gwamnatin tarayya, NELFUND, aka ci, biya na jiransa shekara biyu bayan bautar ƙasa. Alawus ɗin naira 77,000 na bautar ƙasar shekara ɗaya ne, ya wuce. Daga nan yawanci sai allo da alli, kuma shi ma sai an ƙara da takardar PGDE, wato difilomar koyarwa ta bayan digiri, da rajistar hukumar malamai ta TRCN. Na san makarantun kuɗi da ke biyan mai digiri ƙasa da naira 70,000 da doka ta tsayar a 2024 a matsayin mafi ƙarancin albashi. Akwai guraben da suka fi maiƙo, irin hukumar hasashen yanayi ta NiMet ko sashen gashin ciwon daji a manyan asibitoci, amma kaɗan ne, na asibitin ma sai da digiri na biyu.

In takardar kaɗai yaro zai fito da ita, to lallai an yi asara. Wannan ba na ɓoye wa kowa.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne, ilimin nan kasuwarsa tana bayan gidanmu. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, manoman rani a fadamun Argungu da Augie suke neman yadda za su rabu da injin fetur su koma famfon sola. Wa zai lissafa musu faranti nawa famfon ke bukata, kaurin waya nawa, zurfin rijiya da nisan da ruwa zai hau? Darasin lantarki ne na aji biyu a jami'a. Da idona na ga manomi ya zuba kuɗin albasarsa kaf, mai haɗin ya yi da ka, kafin wata guda na'urar ta ƙone.

Haka batun rijiyar burtsatse. A ƙasar Zuru da Yawuri dutse ne a ƙarƙashi, ruwa yana maƙale ne a tsagoginsa, kana iya haƙawa nan ka tashi a banza alhali taku hamsin gaba ruwa na nan. Masu auna ƙasa suna kafa ƙarafa ne, su tura lantarki, su ga inda ƙasa ta fi barinsa wucewa. Dokar Ohm ce ta gudanar lantarki da nake koyarwa a aji. Galibi daga nesa ake ɗauko masu wannan aiki, a biya su har kuɗin mota.

Wani tsohon ɗalibina ya yi watanni shida na horon sanin makamar aiki na ɗalibai, wato SIWES, a wurin mai haɗa sola a Birnin Kebbi, yana hawa rufin kwano cikin zafin bazara, abokansa kuwa sun nemi ofishin da za a sa musu hannu kawai. Yau shi ke riƙe da ƙannensa, har da yara biyu a ƙarƙashinsa.

Don haka roƙona ga shugabannin sassan fiziks na jami'o'inmu shi ne su bi ɗaliban nan zuwa wuraren horo su ga me suke koyo, su kuma sa aikin binciken ajin ƙarshe ya fito daga fadama da bakin rijiya. Uban da ya zo mini makon jiya kuwa, na ce ya bar yaron ya tafi Aliero, da sharaɗin tun hutun farko zai kama aiki wurin mai haɗa sola. Ya ce zai yi shawara da mahaifiyar yaron.

Naka,
Wani malamin sakandare,
Argungu, Jihar Kebbi.