Kuɗin kosiyon amana ne, a nema masa ma'ajiyar da ba aljihun mai gida ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, na rubuto ne daga Garwa domin in kawo kuka a kan wata matsala da ta zama ruwan dare a garuruwanmu na arewacin Kamaru, wadda kuma na daɗe ina jiran in ji an zauna an tattauna ta a shirye-shiryenku na Hausa. Ina nufin makomar kuɗin ajiyar da mai gida yake karɓa daga hannun ɗan haya kafin ya miƙa masa makulli, wanda muke kira kosiyon, a ranar da aka ce wa ɗan hayan ya kwashe kayansa ya bar gida.

Shekara huɗu na yi da iyalina a ciki biyu da falo a wani gida da ke unguwar Yelwa, ina biyan sefa 25,000 duk wata, kuma ban taɓa bari wata ya shiga cikin wani ba. Ranar da zan shiga, na biya kuɗin wata shida a dunƙule, na ƙara da kosiyon na wata biyu, wato sefa 50,000, wanda sai da maiɗakina ta sayar da tunkiyarta kafin ya cika. Shaidar da aka ba ni ita ce falle ɗaya da aka yago daga littafin ɗan makaranta, aka rubuta da biro cewa an karɓi sefa 200,000 daga hannuna, ba tare da an raba na haya daban na ajiya daban ba. A lokacin ban ga aibin haka ba, domin mai gidan dattijo ne sa'ar mahaifina, sahu ɗaya muke sallah da shi, kuma kunya ba za ta bar ni in ce masa ya sake rubutu ba.

Wata rana bayan la'asar, cikin zafin watan Maris ɗin nan da Garwa ta yi suna a kansa, ya zo ya zauna a tabarmar ƙofar ɗakina, muka gaisa, sannan ya ce, "Malam, sai dai ka yi haƙuri, yaron nan za mu yi wa aure, kuma nan za a kawo amarya. Na ba ka mako biyu." Na ce masa, "Baba Alhaji, gida naka ne, ba ni da ja, amma yara suna tsakiyar karatu, ka taimaka ka ba ni ko da wata biyu in nemi wani wuri." Ya ce zai duba. A kwana na goma aka cire wayar wutarmu daga mita, muka kwana a tsakar gida muna yi wa jariri fifita. A kwana na sha biyar wasu samari suka zo da guduma suka ɓalle ƙyauren falo suka jingine shi a bango, alhali matata tana ciki. Washegari na nemo amalanke muka kwashe kaya zuwa gidan surukaina.

Da na koma neman kosiyon, sai ya zaga da ni cikin ɗakunan yana nuna mini inda hayaƙi ya taɓa bango, da wata tsaga a kusurwa wadda na tarar da ita tun ranar da na shiga, ya ce fenti da siminti za su cinye kuɗin duka, har ma ya yi mini rangwame da bai ce in ƙaro ba. Sai da na kai magana gaban jauro, wato mai unguwarmu, aka yi zama biyu, kafin aka ba ni sefa 20,000 da sunan sulhu. Na karɓa domin ina bukata, amma har yau zuciyata ba ta yarda cewa an yi adalci ba.

Bayan abin ya wuce ne na shiga tambaya da karatu, kuma abin da na gano ya nuna mini cewa da na san shi tun farko da ba a yi mini haka cikin sauƙi ba. Na farko, mai gida ba shi da ikon fitar da ɗan haya da hannunsa. Idan an yi saɓani, hanyar doka ita ce a aika wa ɗan haya takardar gargaɗi ta hannun ma'aikacin shari'a da muke kira usiye, a je kotu, alƙali ya yanke hukunci, sannan usiye ya zartar. Cire ƙyaure, da ɗaye kwanon rufi, da yanke wuta ko ruwa domin a ƙuntata wa mutum ya fita, duk ba sa cikin wannan hanya. Ɗakin da mutum yake haya mazauninsa ne a idon doka ko da ba shi ya gina ba, kuma sashe na 299 na kundin hukunta laifuffuka na Kamaru ya tanadi ɗaurin kwana 10 zuwa shekara 1, ko tara, ko duka biyun, ga wanda ya shiga mazaunin wani ba da yardarsa ba, ana kuma ninka hukuncin idan da dare aka yi ko da barazana. Samarin da suka zo da guduma ba su san wannan ba, ni ma da nake tsaye ina kallonsu ban sani ba.

Na biyu, kuma a nan laifin nawa ne, dokar farar hula da muka gada daga Faransa, wadda ake aiki da ita a wannan sashe na ƙasar, ta ce a sashe na 1731 idan ba a rubuta yanayin da gida yake ciki ranar shiga ba, to ana ɗauka cewa ɗan haya ya karɓe shi lafiya ƙalau, sai in ya kawo hujjar da ta nuna akasin haka. Ke nan tsagar da na tarar a bango ta zama tawa tun ranar da na yi shiru a kanta. Sashen da ya gabace shi kuwa ya ɗauke wa ɗan haya nauyin abin da ya lalace saboda tsufa, don haka fentin da ya koɗe bayan shekara huɗu ba abin da za a ci kuɗin mutum a kansa ba ne.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda doka ta bambanta tsakanin kuɗin mai gida da kuɗin ɗan haya. A watan Yuli na 2016 aka sanya hannu a kan sabon kundin hukunta laifuffuka, kuma sashe na 322-1 ya mai da ƙin biyan haya laifin da ake ɗaure mutum a kansa. Wanda ake bi kuɗin wata biyu, aka ba shi gargaɗi, wata ɗaya ya wuce bai biya ba kuma bai fita ba, yana iya fuskantar ɗaurin wata 6 zuwa shekara 3, ko tarar sefa 100,000 zuwa 300,000, ko duka biyun. Masu gidaje da yawa sun haddace wannan sashe, suna kuma tsorata mutane da shi, amma ba sa faɗin sharaɗin da ke cikinsa, wato dole ne yarjejeniyar hayar ta kasance an yi mata rajista a ofishin haraji. Yawancin hayar da ake yi a unguwanninmu da baki ake ƙulla ta, ko da irin fallen takardar da aka ba ni, kuma masu gidan ne da kansu suke gudun rajista saboda haraji. Duk da haka, tambayar da nake yi ita ce: idan wata biyu na mai gida ya isa a kai mutum gidan yari, me ya sa wata biyu na ɗan haya zai zauna shekaru a aljihun wanda ake jayayya da shi, ya zama shi ne mai ajiya, shi ne mai ƙiyasta ɓarna, shi ne kuma mai yanke abin da zai mayar?

Wasu ƙasashe sun gane wannan tun da daɗewa. A Ingila, tun daga 2007, dole ne mai gida ya sanya kuɗin ajiya ƙarƙashin wani tsari da gwamnati ta amince da shi, yanzu kuma wa'adin yin hakan kwana 30 ne, kuma idan ya ƙi, kotu tana iya sa shi ya biya ɗan haya har ninki uku na kuɗin. A Faransa, kosiyon na gidan da babu kaya a ciki ba ya wuce kuɗin wata ɗaya, kuma ana mayar da shi cikin wata ɗaya ko biyu bayan fita, in an yi jinkiri a biya da ƙari. Kada a ce wannan sai Turai, domin Kodebuwa, wadda muke kashe kuɗi mai daraja ɗaya da ita, ta yi doka a 2018 da ta taƙaita abin da mai gida zai nema zuwa kuɗin wata biyu na gaba da wata biyu na kosiyon. Mu a nan har muna da hukumar da aka kafa domin riƙe kuɗaɗen ajiya, wato CDEC, wadda dokarta ta fito tun 2008 aka kuma naɗa shugabanninta a 2023. Ban ga abin da zai hana a buɗe hanya mai sauƙi da ɗan haya a Garwa ko Marwa ko Ngaundare zai zuba kosiyon ɗinsa ta wayar hannu a irin wannan ma'ajiya ba, ya sami lambar shaida, kuɗin ya zauna can har ranar rabuwa, kada ɗayansu ya taɓa sai da yardar ɗayan ko da hukuncin alƙali.

Ba na so a ɗauka cewa ina yi wa masu gidaje kuɗin goro. Na san gwauruwar da ɗakuna uku na haya su ne abincin marayunta, na kuma san ɗan hayan da ya gudu da dare ya bar mata bashin wata biyar da takardar kuɗin wuta. Irin wannan baiwar Allah tana da haƙƙin ta riƙe abin da zai kare ta, kuma ma'ajiya ta tsakani za ta amfane ta fiye da kowa, domin za ta karɓi haƙƙinta ba tare da an zarge ta da cin amana ba. Sau da yawa ma mai gida ba da mugunta yake hana kosiyon ba, ya riga ya kashe kuɗin ne tun shekarar farko a kan buhun gero ko asibiti, ranar biya kuma sai ya nemi tsaga a bango ya fake da ita.

Kafin hukuma ta motsa, akwai abin da yake hannunmu, kuma ina roƙon 'yan'uwana masu haya su ji daga wanda ya ɗanɗana. A rubuta yarjejeniya ko da mai gidan kawunka ne, a sa shaidu biyu, a ambaci kosiyon da sunansa da adadinsa da lokacin mayar da shi, a kuma rubuta tsawon wa'adin da za a ba juna kafin rabuwa. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, don haka babu rashin kunya a cikin neman rubutu, ko da daga hannun dattijo ne. Ranar shiga a zaga da mai gida ɗaki ɗaki, a ɗauki hoton bango da ƙofa da rufi da lambar mita, a aika masa ta WhatsApp domin kwanan wata ya zauna. Wanda yake biya ta Orange Money ko MTN MoMo kada ya goge saƙonnin, wanda yake biya hannu da hannu kada ya tashi sai da rasit.

Akwai kuma wata dabara da ta yaɗu wadda nake jan kunne a kanta, wato mutum ya daina biyan haya a watanni biyun ƙarshe yana cewa a cire a kosiyon. Na fahimci abin da ke sa mutane yin haka, domin sun san in sun fita ba za su sake ganin kuɗin ba, amma in ba a rubuce mai gida ya amince ba, wanda ya yi haka ya mai da kansa mai bashin wata biyu, kuma in hayarsa mai rajista ce ya jefa kansa cikin sashen nan na 322-1 da hannunsa. Masu hayar shaguna a kasuwa kuwa su sani cewa dokarsu daban ce, ta OHADA ce, ƙungiyar ƙasashen Afirka masu dokokin kasuwanci na bai ɗaya wadda Kamaru da Chadi duka suke ciki, kuma ita ma ta wajabta gargaɗin wata ɗaya kafin a nemi kotu ta raba haya saboda saɓa sharaɗi.

Roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne ku ware wa wannan batu shiri guda cikakke, ku gayyato lauya da usiye da wani daga cikin masu unguwanni, su yi bayani da Hausa da Fulatanci, ku kuma buɗe layi domin masu haya da masu gidaje su kira su faɗi abin da ya same su. Ina kuma roƙon ku miƙa tambayar ga 'yan majalisar da muka zaɓa daga Binuwai, yankin da Garwa take ciki, da sauran sassan arewa, a ji ko akwai wanda zai ɗauki maganar iyakance kosiyon da samar masa ma'ajiya ya kai ta Yawunde. Idan kun shirya, ni mai zuwa ne da fallen takardar nan, domin har yanzu tana nan a cikin jakata.

Wassalam.

Naku mai sauraro a kullum,
wani ɗan haya daga Garwa.