Wasiƙa Kan Maganin Sandarewar Ƙafa

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa, ya mai jiki? Allah ya ƙara sauƙi. Na ga saƙonka cewa likita ya ɗora uwargida a kan baclofen saboda sandarewar ƙafafun da cutar jijiyoyi ta MS (multiple sclerosis) ta jawo mata.

Shi ne maganin da aka saba farawa da shi. Cutar tana cinye rigar da ke lulluɓe jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, sai tsoka ta ƙage ta ƙi saki. Yawanci akan fara da miligiram 5 sau uku a rana, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan bayan kwana uku ko fiye. Kada ku yi gaggawa. Wannan taurin da ke damunta, wani lokaci shi ne ke riƙe ta idan ta miƙe daga gado. In magani ya yi yawa, sai ka ga gwiwa ta lanƙwashe, ga barci ga jiri.

Abin da na fi ja maka kunne a kai: kada ta bar shi farat ɗaya, ko don ya ƙare ko don azumi. Yana iya kawo farfaɗiya da gane-gane, taurin kuma ya dawo fiye da da. Ku sayi wani tun da sauran na mako guda. In tana da matsalar ƙoda ku faɗa, domin ta nan yake fita.

In bai karɓe ta ba, akwai gabapentin, akwai tizanidine da ake farawa da miligiram 2. Shi tizanidine yana sa awon jini (BP) ya yi ƙasa, yana busar da baki, kuma sai ana gwajin hanta. Ba a taɓa haɗa shi da ciprofloxacin, wanda kuwa shi ake yawan miƙo wa mutum a kemis in fitsari na zafi. In tsoka ɗaya ce ta matsa, allurar Botox mai sassauta tsoka kan yi aikin wata uku.

Ranar da ƙafa ta ƙara sandarewa ba dalili, kafin a ƙara ƙwaya a duba fitsari, taurin bayan gida, gyambon kwanciya, har farcen da ya shige nama. Miƙar da ƙafar da likitan gashin ƙashi ya koya muku kuma a yi ta safe da yamma.

Ka gaishe min da ita da yara.

Naka har kullum.