Babana, ka ɗaga wayata

Assalamu alaikum Babana,

Da fatan kana lafiya, ya aiki, ya Abujar taku da tsadar haya. Mu nan gida Alhamdulillah, ƙafar Ummanku tayi sauƙi har jiya da kanta ta taka zuwa suna gidan Gwaggo. Rubutun nan ba da son raina nake yinsa ba, ka san ni da danne-dannen waya ba shiri muke ba, da yatsa ɗaya nake fama ga tabarau ɗin ya tsage, amma tun ranar Lahadi sau 6 ina kiranka tana ta ringin baka ɗauka, sai dai ka turo min "ina mitin Baba". Mitin har ƙarfe 11 na dare? To tunda ka toshe kunne bari in biyo ta ido.

Na sani. Ba sai ka tsaya lissafin wa ya faɗa min ba, kuma kada ka kuskura ka kira Auta kayi mata faɗa, yarinyar nan ba tsegumi ta kawo ba. Farar shaddar da ka bari ranar da kuka dawo daga ɗaurin aure ta ɗauko zata wanke, tana zazzage aljihu sai ga laita ta faɗo, da ledar Tom Tom har 3, da guntun kara ɗaya da ka kashe ka adana. A gabana akayi ina alwalar La'asar. Ta kalle ni na kalle ta, nace mata kawo nan, shikenan maganar da mukayi. Ummanku bata sani ba har yanzu, tana nan tana faɗa wa duk wanda ya shigo gidan nan cewa ɗanta ya bar taba tun ɗaya ga azumi, wata 5 kenan, har sadakar ƙosai tayi ranar Juma'ar da ka cika wata 3. Tom Tom kuwa ni na san aikinsa, na tsotse shi akan wannan dalilin tun kafin a haife ka.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye maka ba. Daren nan banyi barci ba, guntun taban nan yana cikin aljihuna ina ta juya shi kamar carbi. Amma da gari ya waye sai naga ashe ba karan ne ya hana ni barci ba. Shirun da kayi ne.

Domin wannan shirun na san shi. Irinsa Baffanka yayi min.

Kai kana firamare lokacin, ba lallai ka tuna ba. Rana ɗaya muka ajiye ni da shi, a zauren gidan Malam, muka zuba kwalayen a kwata muka yi musabaha. Shi ya fi ni ƙarfin hali ma, ni ne na fara karyawa, sati 3 kacal, a tashar mota ina jiran kaya direba ya kunna tasa hayaƙin ya bugo ni ban san sanda na miƙa hannu ba. Na dawo na faɗa masa yayi min dariya yace Yaya sake ɗaura niyya. Shi kuma ya riƙe har wata 7, sai gobarar nan ta kasuwa ta cinye masa shago, a daren ya sha. Daga nan ya fara kauce min, in na shigo ta zaure ya fita ta ƙofar baya, sati 2 muna wannan wasan ɓuya, ranar da na tare shi a bakin masallaci abinda ya faɗa min har gobe yana kunnena, yace Yaya na riga na karya, ni dai haka Allah ya yi ni, ka ƙyale ni. Kuma na ƙyale shi. Wannan ƙyalewar ita ce abinda ban yafe wa kaina ba.

Ƙarshensa kai ma ka gani, ka girma lokacin. Mutumin da yake ɗaga buhun masara shi kaɗai ya koma daga ɗakinsa zuwa masallacin ƙofar gida sai ya tsaya sau 2 ya dafa bango. Da farko mun ɗauka tarin fuka ne, aka gwada majina aka ɗauki hoton ƙirji akace ba shi bane, likitan ya zaunar da ni ya zana min a takarda, yace huhu cike yake da wasu 'yan ƙananan jakunkunan iska kamar saƙar zuma, hayaƙi ya bi ya farfashe su, kuma wanda ya fashe baya sake tohowa, magani sai dai ya rage wahala. Ka tuna silindar oksijin ɗin da muke haya, da yadda yake kwana a zaune an jera masa filo domin in ya miƙe numfashi ya ƙi, da wannan fito da ƙirjinsa yake yi cikin dare har tsakar gida ana ji. Ni nake zama da shi daga Isha'i zuwa Asuba. Bai kai 50 ba. To ranar da muka yi waya ta ƙarshe da kai kafin ka fara gudu na, kayi wani tari sau 2 ka ce sanyin AC ne na ofis, wallahi Babana sai da na sauke wayar daga kunnena. Ƙila AC ɗin ne da gaske. Amma ni kunnena ya riga ya lalace, duk tarin da naji a bakin ɗana na Baffanka nake ji, kuma bana jin Allah ya bar min ƙarfin da zan sake zaman gadin silinda a karo na biyu, balle ace kai ne a kwance.

Na san abinda kake faɗa a ranka, wai barewa bata gudu ɗanta yayi rarrafe, wa ya fara kawo ta gidan. Faɗi, gaskiyarka ne. Ni ne nake baka canji ince je wurin mai tebur ka karɓo min kara 2, kana ɗan shekara 7 kana dawowa da su a tafin hannu kamar ka riƙo alawa. Amma ka yi min adalci kaɗan. A zamaninmu nan Zariya kamfanin taba aiki ne na alfahari, manoma na nomanta, rediyo na tallarta da kiɗa, a mota ana sha a ofis ana sha, babu mai ce maka kanzil. Gargaɗin nan na ma'aikatar lafiya cewa mashaya taba na iya mutuwa da ƙuruciya sai da muka riga muka yi nisa aka fara liƙa shi. Ku kuwa fa? Tun 2015 akwai dokar da ta hana sayar wa wanda bai kai 18 ba, ta hana sayar da ita kara-kara, duk da dai mai teburin bakin layinmu kamar labarin bai iso masa ba, kuma yanzu hoton cuta ne ɓaro-ɓaro a jikin kwalin, kana gani kake buɗewa. Ni jahilci ya kai ni, kai da digirinka me ya kai ka? Sunan Malam fa kake ɗauke da shi, mutumin da ko goro bai ci ba. Kuma wannan abokin naka mai jar mota da kuka zo ɗaurin auren tare, tun da na ga leɓensa na san ba za a wanye lafiya ba, ban dai yi magana bane saboda baƙo ne.

To na faɗi ta fita, Allah ya huci zuciyata. Yanzu saurara in gaya maka abinda na sani, domin a wannan fannin dai na fi ka karatu, sau 3 ina faɗuwa kafin in tsaya, kuma yau shekara 20 da ɗoriya ko a mafarki na sha sai na farka da istigfari.

Kara ɗaya ko kwali ɗaya bai goge wata 5 ba. Shaiɗan ne yake zuwa da wannan lissafin, yace ai tulun ya riga ya fashe, alhali ɗan tsiyaya ne kawai yayi. Jikinka bai manta hutun da ka bashi ba, kai da bakinka ka ce min ka fara jin ɗanɗanon miya, kana hawa benen ofis ba haki. Likitoci sun ce awa 12 bayan karan ƙarshe gubar hayaƙin da ke cikin jini take sauka, shekara 1 kuma haɗarin ciwon zuciya ya ragu da kusan rabi. Kuma yawancin waɗanda suka bar ta har abada ba a karon farko suka dace ba. Abin da yake da haɗari shi ne kwanakin nan da kake ciki yanzu, domin nikotin ɗin nan cikin 'yan daƙiƙu yake isa ƙwaƙwalwa, kuma ƙwaƙwalwar da ta taɓa saninsa ko an shekara tana jin ƙamshinsa zata miƙe tace ina sauran. In ka bari sati ya zama wata, ka koma gidan jiya.

Saboda haka yau, ba gobe ba, ba ranar Litinin ba, ba sai azumi mai zuwa ba. In akwai saura a kwalin kada ka ce bari in ƙarasa kar kuɗina su tafi a banza, ni da wannan dabarar na ƙara shekara 2. Jiƙa su da ruwa ka zubar, laitar ma ta bi su, ka wanke mota ka bada kayanka wanki. Kwana 3 na farko su ne masu zafi, ciwon kai, faɗa da kowa, barci ya ƙi, ci kamar gara, daga sati 2 zuwa 4 abin yake lafawa, ai ka bi hanyar nan da azumi ka san ta. Ita kuma sha'awar in ta taso 'yan mintuna take yi ta wuce ko ka sha ko baka sha ba, ni abinda nake yi in tashi daga inda nake zaune, in yi alwala da ruwan sanyi, in sa asuwaki ko kanumfari a baki in zaga layi, kafin in dawo ta sake ni. Har yau in ka duba aljihuna zaka samu kanumfari, Ummanku tana zaton don ciwon haƙori ne.

Sannan ka zauna ka tambayi kanka tsakani da Allah a ina aka kama ka. Ni tasha ce da bayan cin tuwon dare. Baffanka baƙin ciki ne. Kai ina zargin majalisar mai shayin nan da kuke zama bayan kallon ƙwallo, ko kuma maganar gidan su yarinyar nan da ta tsaya, wanda shi ma baka ce min komai ba sai a bakin yayarka naji. In majalisa ce ka ƙaurace mata wata guda, ba za su mutu ba. In damuwa ce to taba bata taɓa biya wa kowa sadaki ba, ka zo mu zauna da kawunnanka a san abin yi.

Abu biyu kada ka yaudari kanka da su. Na farko wai zan rage ne, ɗaya a rana bayan abinci. An bincika an gano mai shan kara 1 a rana yana ɗauke da kusan rabin ƙarin haɗarin ciwon zuciyar mai shan kara 20, kaga ba wani sauƙi, kuma ɗaya bata zama ɗaya, ni shaida ne. Na biyu shisha, da naji yaran yanzu suna cewa ai 'ya'yan itace ne ruwa yana tacewa. Taba ce aka yi mata turare, ga hayaƙin gawayi a kai. Kuma in kaga abin yana neman fin ƙarfinka ba abin kunya bane ka je asibiti, yanzu akwai cingam na nikotin da wata filasta da ake mannawa a damtse, akwai ma ƙwayoyin da likita ne kaɗai yake rubutawa, kada dai ka saya da ka a kemis. Mu a lokacinmu da haƙori muka cije. In kuɗi ne ka faɗa min, kuɗin wake na bana suna nan ban taɓa ba.

Hukumar lafiya ta duniya tace taba tana kashe sama da mutum miliyan 7 duk shekara, har rabin masu shanta in basu bari ba. Mu biyu muka zuba kwali a kwata ranar nan, ni da ƙanina. Kaga lissafin nasu a gidanmu ya fita daidai.

Ban faɗa wa Ummanku ba kuma ba zan faɗa ba, wannan tsakanina da kai ne, sai in kai ka ga dama. Ba kuma cewa nayi ka rantse min da Alƙur'ani ba, Baffanka ya rantse, rantsuwar ce ma ta sa kunya ta hana shi dawowa wurina. Abinda nake so kawai in ka sake zamewa, ko ƙarfe 2 na dare ne, ka kira ni kace Baba na sha. Ba zan yi faɗa ba. To ƙila in yi kaɗan, ka san hali, amma zan ɗauka.

Guntun naka yana nan na sa a cikin gwangwanin da nake ajiye takardun gona, ban san dalilin da yasa na kasa yar da shi ba. Gobe in Allah ya kaimu bayan Isha'i zan kira, ka ɗaga ko kana gaban shugaban ƙasa ne. Ummanku tace a tambaye ka ko yajin da kukar sun ƙare, direban Alhaji zai shigo Abuja ranar Alhamis. Auta na gaishe ka, tana tsoron kayi fushi da ita, ka turo mata ko kati ne.

Allah ya yi maka albarka, ya tsare min ƙirjinka.

Babanka