Dalilin jinkirin fim ɗinmu na kiɗan ƙwarya

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi bayani game da gajeren fim ɗin da muka saki a YouTube kwanan nan, wanda aka gina labarinsa a kan kiɗan ƙwarya da waƙar amada, saboda masu kallo da dama sun tambayi dalilin da ya sa ya shafe shekaru a ajiye.

Kuɗi ne suka fara tsayar da mu. Duk ɗan kasuwar da muka tunkara sai ya tambaya ko akwai rawa da waƙar fiyano a ciki, da zarar ya ji babu, kuma tsawon fim ɗin bai wuce minti ashirin ba, sai ya ce Allah ya ba da sa'a. Ban ga laifinsu sosai ba, tun da kasuwar faifan CD da ta daɗe tana riƙe da Kannywood ta durƙushe.

Amma abin da ya fi cin lokaci shi ne sauti. Ƙwaryar da aka kifa a kan ruwa tana da amo mai zurfi wanda makirufon jikin kyamara ba ya kamawa, sai ƙarar bugun kawai ake ji. Dole muka sake ɗaukar waƙoƙin gaba ɗaya a tsakar gidan zabiyar, bayan mun nemi izinin mazajen 'yan amshi, kuma da sassafe, kafin injin markaɗe na unguwar ya tashi. Mai ɗaukar sauti durƙusawa yake yi da makirufo dab da bakin ruwan, matan kuma na zaune a kan tabarma suna ta yi masa dariya.

Daga nan sai maganar haƙƙi ta taso, wadda a ganina ita ce masu shirya fim suka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Zabiyar ta ce wasu baitocin a wajen kakarta ta koya, wasu kuma kirari ne na gidajen da ta yi wa kiɗa a biki ko suna, da sunayen mutanensu a ciki. Sai da muka bi gidajen muka nemi yardarsu, inda aka ƙi kuma muka cire baitin, ko da ya fi sauran daɗi. Mun biya kowace mai amshi, mun kuma rubuta sunanta a ƙarshen fim ɗin.

Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, Hajiya Barmani Choge a 2013, Ɗan Maraya Jos a 2015, kuma albarkacin shahararsu muryoyinsu sun tsira a kaset da gidajen rediyo. Matan da ke kiɗa a cikin gidaje ba su da wannan gata. Saboda haka nake kira ga sassan nazarin Hausa na Jami'ar Bayero da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da su buɗe ƙofar karɓar irin wannan sauti daga hannun masu fim. Namu da bai shiga fim ɗin ba ya fi wanda ya shiga yawa, kuma zabiyar ta amince a ba da shi domin adanawa.

Wassalam,
Wani mai shirya fim, daga Funtuwa