Malam Edita, a ba labarin ƙananan gidajen wasan kwaikwayo na Falasɗinu fili

Assalamu alaikum Malam Edita,

Da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka, Allah ya ƙara basira. Ina yaba muku sosai kan yadda ba ku taɓa yin shiru a kan halin da Falasɗinawa ke ciki ba, amma akwai gefe ɗaya da nake ganin an bari a baya. Kullum abinda muke karantawa shine an kashe mutum kaza a Gaza, an rusa gida kaza a Yammacin Kogin Jordan, har ya zama mutum zai karanta adadin yace innalillahi ya wuce shafin wasanni. Ni kuma ina so in ja hankalinku ga ƙananan gidajen wasan kwaikwayo na dandamali da ke can, inda ake samun Bafalasɗine da Bayahude a ɗaki ɗaya suna kallon idon juna.

Na san wani zai ce ana zubar da jini kai kana maganar dirama, wani ma zai ce duk wanda ya haɗa dandamali da ɗan Isra'ila ya ci amanar 'yan uwansa. Wannan magana ba ta banza bace, su kansu Falasɗinawan sun daɗe suna muhawara a kanta, kuma da yawansu ba sa yarda da duk wani shiri da zai nuna kamar komai lafiya alhali sojan mamaya na tsaye a ƙofar gida. Amma dan Allah a saurari labarin Jenin, wani gari a Yammacin Kogin Jordan, tukunna.

Akwai wata mata Bayahudiya sunanta Arna Mer, ta auri Saliba Khamis, Bafalasɗine Kirista. Lokacin intifada ta farko, wato boren Falasɗinawa a kan mamaya, a ƙarshen shekarun 1980, da aka rufe makarantu, ita wannan mata ta shiga sansanin 'yan gudun hijira na Jenin tana tara yara tana koya musu karatu da zane da wasan kwaikwayo, har aka ba ta wata lambar yabo a ƙasar Suwidin a 1993, kuɗin kuma ta zuba wajen gina ɗan ƙaramin ɗakin wasa a saman gidan su Zakariya Zubeidi, ɗaya daga cikin yaran, don mahaifiyarsa ce ta bada wurin. Ka duba fa, uwa Bafalasɗiniya ta buɗe wa Bayahudiya saman gidanta saboda yara. Arna ta rasu a 1995. A 2002 aka harbe mahaifiyar Zakariya, sojojin Isra'ila suka shiga sansanin da buldoza ɗakin wasan ya tafi tare da gidajen mutane, yaran da suka yi wasa a wurin wasu suka ɗauki bindiga suka mutu, ɗaya daga cikinsu ma tun a 2001 hari ya kai garin Hadera na Isra'ila ya kashe fararen hula shima aka kashe shi, shi kuma Zakariya ya zama kwamandan mayaƙa a Jenin. Ba na ɓoye wannan ba saboda masu gidan wasan ma ba su taɓa ɓoyewa ba.

Ɗan Arna, Juliano Mer-Khamis, wanda aka haifa a Nazarat kuma ya taɓa yin aikin soja a rundunar Isra'ila kafin ya zama ɗan wasa, shine ya dawo a 2006 ya haɗa kai da shi wannan Zakariyan da wasu suka sake buɗe gidan wasa a sansanin, Masrah al-Hurriya, gidan wasan 'yanci. Yana yawan faɗin cewa shi Bafalasɗine ne ɗari bisa ɗari kuma Bayahude ne ɗari bisa ɗari. Bai zo da maganar a rungumi juna a manta da komai ba sam, shi a wurinsa zuwan ɗan Isra'ila Jenin ba shi da amfani sai in ya zo ne ya tsaya tare da mutanen wurin a kan mamaya. Kuma bai bar shugabannin Falasɗinawa ba, wasanninsu sun taɓa cin hanci da danniya a cikin gida, sun sa samari da 'yan mata a dandamali ɗaya, abinda bai yi wa wasu daɗi ba har aka yi yunƙurin ƙona wurin. Ranar 4 ga Afrilu 2011 wani mai rufe da fuska ya tare motarsa dab da gidan wasan ya harbe shi, jaririn ɗansa na cikin motar, kuma ba a gurfanar da wanda ya yi ba. Da aka ɗauko gawarsa daga Haifa sai da aka bi da ita ta shingen sojoji na Jalama don mutanen Jenin su yi masa bankwana, sannan aka kai shi kusa da mahaifiyarsa aka binne. Wallahi duk lokacin da na tuna wannan sai jikina yayi sanyi.

Gidan bai mutu da shi ba, ɗalibansa suka riƙe. A Disamba 2023 sojoji suka kutsa suka farfasa kaya suka kama manyan gidan, ciki har da Mustafa Sheta da aka tsare sama da shekara ba tare da an tuhume shi da komai ba.

Kafin duk wannan, a 1994 bayan yarjejeniyar Oslo tsakanin Isra'ila da Falasɗinawa, an taɓa gwada wani abu a birnin Ƙudus, gidan wasan Khan na Yahudawa da gidan wasan Al-Kasaba na Falasɗinawa suka haɗu suka yi Romeo da Juliet, dangin saurayin Falasɗinawa suna magana da Larabci, dangin yarinyar 'yan Isra'ila suna magana da Ibrananci. Duniya ta yi ta tafa musu. To amma a watan Fabrairu na shekarar ne wani Bayahude ɗan kama wuri zauna ya bindige masallata 29 a masallacin Annabi Ibrahim a Hebron, aka rufe hanyoyi, 'yan wasan Falasɗinawa zuwa wurin atisaye ma sai da takardar izini, abokin wasanka ya taho da motarsa cikin sauƙi kai kana layi a shinge. Shiyasa ni irin wannan bai cika gamsar da ni ba duk da kyakkyawar niyyar masu shi, domin labarin gidaje biyu masu ƙarfi ɗaya ne da ke gaba da juna, alhali a can ɗaya ne ke riƙe da makullin ƙofar ɗaya. A Yafa ma akwai gidan wasan Larabci da Ibrananci tun 1998, rukuni biyu a gini ɗaya.

Wanda yafi kama min hankali shine na ƙungiyar Combatants for Peace, tsofaffin sojojin Isra'ila da tsofaffin mayaƙan Falasɗinawa da suka ajiye makami suka kafa ta a 2006. Cikinsu akwai Chen Alon, tsohon hafsan soja da ya ƙi komawa aiki a yankunan mamaya har aka ɗaure shi, kuma malamin wasan kwaikwayo ne. Salon Augusto Boal ɗan ƙasar Burazil suke bi, kuma wannan ba baƙon abu bane a wurinmu don sashen wasan kwaikwayo na ABU Zariya ya daɗe yana shiga ƙauyuka da mai kama da shi. Yadda akeyi shine a kwaikwayi abinda ke faruwa a zahiri, a ce dattijo da mara lafiya sun iso shinge soja yace ba wucewa, ana cikin wasa sai a tsayar a juya ga 'yan kallo a ce to kai da kai ne me zakayi, taso ka karɓi wurinsa ka gwada. Ba labule ba fitilu, wani lokacin a fili akeyi. Ka yi tunanin mutumin da ya taɓa tsare shinge da bindiga yau shine a matsayin dattijon yana roƙo, wanda aka taɓa tsarewa kuma shi ke daka masa tsawa, bayan an gama dole su zauna wuri ɗaya su yi magana.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar, Bassam Aramin, ya yi shekara 7 a kurkukun Isra'ila, kuma a 2007 'yan sandan kan iyaka suka harbi 'yarsa Abir mai shekara 10 da harsashin roba kusa da makarantarsu ta rasu. Bai fita daga ƙungiyar ba. Amininsa Rami Elhanan Bayahude ne da 'yarsa Smadar ta mutu a harin ƙunar baƙin wake a Ƙudus a 1997, kuma su biyun suna zagaya makarantu da zauruka tare kowa ya faɗi yadda ya rasa 'yarsa, dukansu kuma bakinsu ɗaya cewa sai mamaya ta ƙare. Ni ban ga ta inda zan kalli mutum kamar Bassam ina zaune nan lafiya in ce masa maci amana ba, haba.

Ba ina cewa wasa zai tsayar da jirgin yaƙi bane, bai tsayar ba, a Gaza ma cibiyar al'adu ta Sa'id al-Mishal da ke da ɗakin wasa bam ya rusa ta tun 2018. Abinda nake cewa shine yaranmu da ke tasowa suna jin kalmar Bayahude kawai ba tare da sun taɓa jin sunan Arna ko Rami ba, an rage musu wani abu daga gaskiya, kuma sanin waɗannan mutane ba ya rage ko ƙwayar zarra daga haƙƙin Falasɗinawa, ƙara masa shaidu ma yake daga cikin gidan mai zaluncin.

Don haka roƙona Malam Edita, ku ware ko rabin shafi ne a fitowar ƙarshen mako, wakilinku ya samu malaman dirama na Zariya ko Kano su yi wa masu karatu bayanin yadda irin wannan wasa yake, a kuma fassara mana wasu daga cikin labaran da yaran Gaza suka rubuta wa gidan wasan Ashtar na Ramallah a 2010, waɗanda aka karanta a ƙasashe da dama, mu ma mu ji su da Hausa.

Na gode, Allah ya bar zumunci.

Naku,
Mai karatu daga Zariya