Takardar Koke Zuwa Ga Mai Girma Hakimi: A Taimaka A Buɗe Mana Cibiyar Karatu Daga Gida Ta Masu Sana'ar Hannu

Assalamu alaikum warahmatullah.

Allah ya ja zamanin Hakimi, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Bayan gaisuwa irin ta ɗa da uba, mu ne talakawanka masu sana'ar hannu na cikin gari da ƙauyukan kewaye, kanikawa da masu walda da teloli da kafintoci da masu wayarin da masu haɗa sola da masu gyaran waya. Sau uku muna zama a garejin bakin tasha bayan sallar isha'i kafin muka tsayar da magana a kan wannan takarda, aka ce ni in rubuta tunda ni ke riƙe da littafin taronmu. Mun kai kwafi ɗaya ofishin Shugaban Ƙaramar Hukuma, mun kuma sa ta a Facebook don ƴan uwanmu da ba su samu zuwa ba su gani su sa baki.

Ranka ya daɗe, kukanmu ɗaya ne. Aiki yana hannunmu amma ba mu da takarda, kuma ba za mu iya rufe shago mu koma aji ba. Abin da muke roƙo shi ne a samar mana wuri a nan garin inda za mu riƙa karatu daga gida ta intanet da dare ko ranar da babu aiki, har mu samu shaidar da hukuma ta yarda da ita.

Bari in ba da misali da abin da ya faru a gaban idonmu. Akwai ɗan uwanmu mai walda, ya fi shekara goma sha biyar yana sana'a, rabin ƙofofin ƙarfen unguwarmu hannunsa ne, har da get ɗin makarantar Islamiyya da ya yi kyauta. Bara wani kamfani ya zo neman ma'aikata, tun asuba ya je ya bi layi da tabarau ɗinsa na walda a aljihu, da aka zo kansa tambayar farko ina satifiket, ya ciro waya yana nuna musu hotunan ayyukansa ɗaya bayan ɗaya, ya roƙi a ba shi ƙarfe biyu da wuta ya haɗa a gabansu su gani, aka ce ba haka tsarin yake ba. Ya dawo gareji ya zauna a kan benci har la'asar bai ce da kowa uffan ba. Mu ba mu ga laifin mai neman takarda ba, don aikin da rayukan mutane za su rataya a kansa dole a tabbatar da wanda zai yi shi, amma ina hanyar da irin wannan bawan Allah zai bi ya samu takardar? Ga manyan ayyuka ana yi a arewa, ga bututun gas na Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano mai tsawon kilomita 614, ga titin jirgin ƙasa na Kano zuwa Maraɗi, duk ayyuka ne da ke cin masu walda da masu lantarki da kanikawa, mu kuma namu sai dai leburanci in ma an samu.

Sannan ita kanta sana'ar ta canza mana a hannu. Bakaniken da ya tashi da kafireto yau motar da ake kawo masa kwamfuta ce a cikinta, sai an jona na'ura ta faɗi ciwon da ke damunta cikin lambobi da Turanci. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 ake ta maganar mayar da motoci da adaidaita sahu su koma amfani da gas na CNG, kuma wannan ba aikin da ake koya da kame-kame ba ne, kuskure ɗaya tukunyar gas ta fashe a rasa rai. Haka sola, kowane gida yanzu so yake a haɗa masa fanel da inbata da batir, yaranmu suna haɗawa wallahi kuma suna ƙoƙari, amma da yawansu ba su san lissafin nauyin kayan wuta ba, su sa siririyar waya inda ake buƙatar mai kauri, bayan wata biyu inbata ya ƙone a zo ana rigima da mai gida har gaban mai unguwa.

Kada a ɗauka yaran nan ba sa son karatu. Duk wanda ya bi ta teburin mai shayi na bakin kasuwa wajen ƙarfe goman dare zai ga yaran shagona uku sun haɗa kai a kan waya ɗaya mai fasasshen gilashi, suna kallon wani ɗan Indiya a YouTube yana kwance inbata, ba sa jin yarensa ko kaɗan, hannunsa kawai suke bi, su tsayar su mayar baya su sake kallo, ɗaya yana zana layukan wayar a bayan kwalin madara, ana cikin haka data ta ƙare ko caji ya mutu, shi ke nan darasin ranar ya tashi. Karatu daga nesa dai ga shi suna yi da kansu, ba malami ba tsari ba wanda za su tambaya in sun rikice, kuma ko shekara goma suka yi a haka babu takardar da za ta fito.

To me ya hana mu shiga makaranta? Ranka ya daɗe ka fi mu sanin halin da ake ciki. Magidanci mai iyali in ya rufe shago yini ɗaya ranar ba a ɗora tukunya a gidansa, balle a ce ya tafi birni shekara biyu. Cibiyar karatu mafi kusa da mu tana babban birnin jiha, kuɗin mota zuwa da dawowa ya fi abin da yawancinmu ke samu a yini, ga hanya ba ta da daɗin bi in dare ya yi.

Kuma abin da muke nema ba sabon abu ba ne, gwamnati tana da shi a ƙasa, mu ne dai bai iso mana ba. Jami'ar karatu daga gida ta NOUN tun 1983 aka kafa ta zamanin Shagari, sojoji suka dakatar da ita a 1984, aka farfaɗo da ita a 2002 zamanin Obasanjo, yau tana da cibiyoyi sama da ɗari a faɗin ƙasar nan, wasu daga ciki al'umma ce ta ba da gini jami'ar ta kawo tsari, har a gidajen gyaran hali tana da cibiyoyi inda fursunoni ke karatu kyauta. Cibiyar horar da malamai ta NTI da ke Kaduna tun 1976 take, malaman firamare nawa ne a garin nan suka yi NCE ta hanyarta, suna koyarwa Litinin zuwa Juma'a su je darasi ƙarshen mako? Mun san su, wasunsu su suka koyar da mu. In malami zai iya ƙaro ilimi bai bar ajinsa ba, ai bakanike ma zai iya bai bar garejinsa ba.

Amma mun tattauna mun ga cewa wadda ta fi dacewa da yawancinmu ita ce hukumar ilimin fasaha ta NBTE, wadda aka kafa tun 1977. Dalili, shiga NOUN sai da sakamakon sakandare mai kiredit biyar, kuma gaskiya da yawa daga cikinmu daga firamare ko makarantar allo muka wuce shago. Ita kuwa NBTE tana da tsarin shaidar ƙwarewa da ake kira NSQ mai hawa-hawa, wanda a cikinsa ake duba abin da mutum ya riga ya iya, mai tantancewa ya zo ya ga aikinka da idonsa a wurin da kake yi, ya yi maka tambayoyi, in ka cika sharuɗɗa a ba ka shaida daidai matakinka. An yi irin wannan haɗin gwiwa tsakanin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da masu sana'a na kasuwar Panteka, kuma mutanen Panteka irinmu ne, a bakin wuta da guduma suka koya. Akwai kuma jarrabawar NABTEB, wato hukumar shirya jarrabawar fasaha da kasuwanci, da ake yi wajen ƙarshen shekara don waɗanda ba sa makaranta, wadda mai son ci gaba zai iya bi ta nan ya samu kiredit ɗinsa, ga gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago mai daraja ta uku da ta biyu da ta ɗaya. Duk ƙofofin nan a buɗe suke, sai dai rajistarsu da darussansu yanzu kusan duk ta intanet ne, mu kuma ba wuta ba sabis mai ƙarfi ba wanda zai nuna mana.

Wani dattijo a cikinmu ya tada magana a taro, ya ce walda ba a koyonta a waya. Gaskiya ya faɗa kuma duk mun yarda, hannu sai a gareji, sai tartsatsi ya ƙona ka kafin ka san yadda ake riƙe sandar walda. Ba mu ce a ɗauke yaro daga gaban ogansa ba. Abin da za a koya daga nesa shi ne wanda ogan ma ba a koya masa ba, karanta zanen aiki, lissafin awo da na wuta, dokokin kare kai, yadda ake rubuta ƙiyasin kuɗin aiki da ajiye lissafin shago, da Turancin da ke jikin na'urori. Aikin hannu kuma ya ci gaba a shagunanmu, a nan za a zo a tantance mu.

Saboda haka muke roƙon Mai Girma Hakimi ya sa baki a ba mu aron tsohon ɗakin karatun nan na kusa da sakatariya, wanda ya daɗe a rufe, rufinsa ya yaye ta gefe ɗaya awaki na kwana a barandarsa. Ba mu nemi a ba mu kuɗin gyara ba. Kafintocinmu sun ɗauki rufi da benci, masu walda sun ɗauki ƙofofi da tagogi, masu fenti sun ɗauki nasu, wayarin da haɗa sola ni da yarana za mu yi ba ko sisi, kuma mun fara karo-karo duk Juma'a don sayen kwano da siminti. Abin da ya fi ƙarfinmu shi ne kwamfutoci ko da guda goma ne don farawa, da fanel da batir, da kuɗin intanet na wata-wata, nan ne muke so Ƙaramar Hukuma ta shigo, da masu hannu da shuni na garin nan waɗanda in fada ta kira su ba za su ƙi amsawa ba.

Abu na biyu kuma wanda ya fi komai a wurinmu, takarda daga fada. In mu muka rubuta wa NBTE ko kwalejin fasaha ta jiha ko NOUN, takardar wasu kanikawa ce daga ƙauye, amma in ta fito daga hannun Hakimi ta bi ta majalisar Mai Martaba Sarki, za a karanta ta a kuma ba da amsa. Muna so a nemi su turo jami'ansu su ga wurin, su faɗa mana sharuɗɗansu, su horar da mutum biyu ko uku daga cikin matasanmu masu digiri da difloma da ke zaune ba aiki, su zama masu jagorar ɗalibai a cibiyar.

Muna kuma roƙon a yi bayanin darussa da Hausa. Kalmomin sana'a a bar su yadda suke, amma bayani ya zo da harshen da mutum yake tunani da shi. Lokacin korona a 2020 an yi wa yara darussa ta gidajen rediyo a jihohin arewa kuma an saurara, to ko rabin awa a mako aka samar mana a rediyo, ko saƙon murya ta WhatsApp, zai kai ga na ƙauye wanda ba zai iya shigowa gari kullum ba.

Ƴan uwanmu mata sun aiko da nasu saƙon ta bakin shugabar teloli mata, kuma sun ce lallai a sa shi. Akwai masu ɗinki da saƙa da masu haɗa sabulu da man shafawa da yawa a cikin gidaje, wasu sun yi sakandare aure ya zo karatu ya tsaya, suna da basira sosai kuma su karatu daga gida ya fi kowa yi wa amfani. Suna roƙon a ware musu lokacinsu daban da hantsi, da mace mai jagora, yadda mazajensu da iyayensu za su bar su su zo da kwanciyar hankali.

Allah ya taimaki Hakimi, iyayenmu suna ba mu labarin Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950, cewa ta hannun sarakuna da hakimai da dagatai aka shigar da shi gari-gari, a zaure da gindin bishiya manya suka koyi karatu da rubutu bayan sun taso daga gona. Shi ya sa muka fara kawo kukanmu gida kafin ko'ina.

Mun haɗa da sunayen duk waɗanda suka sa hannu ko suka dangwala, kowa da sana'arsa da unguwarsa, da jerin yaran shago da ke son shiga zangon farko. In an ba mu izini, wakilanmu biyar, har da mace ɗaya, za su zo gaisuwa fada ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, mu zo da makullin da za mu sa wa ɗakin in an amince, da ƙiyasin kayan gyara a rubuce.

Allah ya ja zamanin Hakimi, ya ƙara wa Mai Martaba lafiya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.

Mu ne naka masu biyayya,
Masu sana'ar hannu na gari da kewaye,
ta hannun magatakardan taro.