Wasiƙa zuwa ga Umma kan ƙafar Auta

Assalamu alaikum Umma,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ya jikin Auta? Allah ya ƙara sauƙi, ya sauke ta lafiya. Mu nan Minesota sai godiya, sanyi dai ya kankama.

Yaya ya ce an sa wa ƙafar siminti, kuma mata suna ta cewa kada a damu da gwiwar, wai mai ciki gaɓoɓinta a sake suke, ba za ta ƙage ba. Umma, wannan maganar ce ta hana ni barci.

Maganar tasu tana da tushe. Akwai sinadarin da jiki ke fitarwa lokacin goyon ciki, ana ce masa rilaksin, wanda Frederick Hisaw ya gano a 1926, yana sassauta jijiyoyin ƙugu don haihuwa. Shi ya sa masu bincike a asibitin Mayo, a jihar nan da nake, suka gwada abin a kan ɓeraye, suka wallafa a 2002. Sun ɗaure gwiwar ɓeraye masu ciki da marasa ciki na mako 2, sannan suka auna yadda ta ƙage. Ta masu cikin ta ɗan fi sauƙi, amma bambancin bai kai wanda za a kafa hujja da shi ba. Duka sun ƙage. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne jijiyoyin gwiwar sun yi rauni saboda zaman wuri ɗaya, cikin kuma bai kare su ba. Da suka yanka jakar da ke lulluɓe gaɓar ta baya, sai gwiwar ta saki, wato a can taurin yake taruwa.

A 2019 wasu a Boston sun yi wa ɓeraye allurar rilaksin a cikin kafaɗar da ta ƙage, ta warware. Abin farin ciki ne, amma ɓera ne fa, wanda cikinsa bai wuce kamar mako 3 ba. Auta mutum ce.

Don Allah ranar da za a koma asibitin ƙashi na Dala, Yaya ya tambayi likita yaushe za ta fara motsa gwiwar, kuma a haɗa ta da masu gashin ƙashi da zarar an cire simintin. A gaya musu tana da juna biyu kafin hoto ko magani. Ta riƙa motsa yatsun ƙafar. In ƙafar ta kumbura sosai, ko sha-raɓa ya yi zafi, ko numfashi ya yi mata wuya, a tafi asibiti nan take, domin ciki da kwanciya suna sa jini ya daskare a jijiya. Kada kuma a bari wani ya lanƙwasa mata ita da ƙarfi.

Na tura kuɗin mota ta hannun Yaya. A gaida Baba da Gwaggo.

'Yarki